Minti Biyar Kawai

"Ke! Tashi, lokaci ya cika!"

Safara'u ta ɗago a firgice, shatin biro a kumatunta. Malamar da ke tsaron jarrabawa ta zare takardar.

Layi huɗu ta rubuta... huɗu kacal!

Wayyo Safara'u! Wallahi ba daƙiƙiya ba ce, soyayya ce ta cinye mata barci. Saurayinta Usaid nas ne mai aikin dare a asibiti, ba ya samun kansa sai ƙarfe biyu in majinyata sun lafa. Ita kuwa tana ƙudundune cikin bargo, waya na haska mata fuska.

"Ki kwanta, Sahibata, gobe kina da lacca."

"Minti biyar kawai..."

Minti biyar ɗin nan ke kai su har assalatu. Wata takwas ana haka.

Baffa, mahaifinta, kuwa tuni ya kafa sharaɗi: ta sake faɗuwa ko kwas ɗaya, kada Usaid ya turo magabatansa.

Ranar da sakamako ya fito ta ga ta faɗi, kafin adaidaita ya sauke ta a Gyaɗi-Gyaɗi, Basira 'yar kawunta, wadda ta daɗe da ƙyasa Usaid, ta riga ta fesa wa Baffa komai, har da hirar daren.

"Ba ni wayar."

"Baffa, don girman Allah..."

"Wanda ya hana ki barci tun kina gidana, me zai rage miki a nasa? Ba ni!"

Washegari Usaid ya taso daga aiki, ko gidansu a Tarauni bai leƙa ba. Da ƙyar Hajiya, mahaifiyarta, ta shawo kan Baffa ya yarda zai saurare shi.

Safara'u ta leƙa ta taga. Ga Usaid kan benci a ƙofar gida, kai jingine da bango, baki a ɗan buɗe.

Barci yake!

"Na shiga uku... Masoyi, ka tashi! Don Allah ka tashi!"

Raɗa take yi, ina zai ji? Ta laluba ƙarƙashin filo don ta yi masa filashin. Wayam, wayar na hannun Baffa.

Baffa ya fito, ya tsaya a kansa, ya yi gyaran murya sau biyu. Usaid ko motsi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo cikin gida.

"Hajiya, in ya farka a ce ya je ya huta. Magana ta ƙare."

Safara'u ta toshe baki da mayafi ta sulale ƙasa, shi kuwa bawan Allah yana ta barcinsa.