Mai Jinyar Ranar Lahadi

Auta na goge farar rigar Baba a falo sa'ad da ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya cire tabarau.

"Kafintan nan naki, da gaske ne ran Asabar yake sujada?"

"E, Baba. Amma ai Kirista ne..."

"Shekara arba'in ina buga ƙararrawar coci ran Lahadi, ranar da Ubangiji ya tashi! Sai jikokina su ji ƙararrawata su ɗauki zarto su nufi shago? Ba da 'yata ba!"

Hawaye ya hana ta ganin wuyan rigar yana ƙonewa.

Da ta kai wa Dogo kafinta labari, ya daɗe yana shafa katakon da ke gabansa. "Ba zan bar Asabar ba, Auta, doka ta huɗu ce cikin Dokoki Goma. Ke ma ba zan bar ki ba. Mu jira."

"Har yaushe? Mama ta fara yi mini zancen ɗan fasto!"

Bayan wata biyar Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai. Da Lahadi ta zo Mama ta ce za ta zauna, Baba ya buga sanda a ƙasa: ba wanda zai rasa sujada saboda shi! Ana cikin haka Dogo ya yi sallama.

"Ku tafi, Mama. Ni na yi tawa sujadar jiya."

Baba ya juya fuska ga bango. Auta ta tafi coci, amma ko baiti ɗaya ba ta iya rerawa cikin mawaƙa ba.

Lahadi goma sha ɗaya Dogo yana rufe shago, yana ɗaga tsohon, yana masa aski da wanka. Ukun farko Baba bai ce masa uffan ba. A ta ƙarshe, da Auta ta dawo daga coci, ta jiyo ihun Baba tun daga ƙofa.

"Ranar farko ta mako manzanni suka taru!"

"Na ji, Baba. Buɗe baki tukuna, maganin zai zube."

Baba ya haɗiye, ya kira ta. "Idan wannan mai taurin kan ya tafi sujadarsa, wa ke zama da mahaifiyarsa makauniya?"

"Ba kowa, Baba."

"To ke me kike yi ran Asabar?" Ya dubi Dogo. "Har gobe kuskure kake yi, kafinta."

"Ni ma ban sauka daga ra'ayina ba, Baba."

"Turo magabatanka ran Laraba. Kada ɗayanmu ya ce an kayar da shi a gardama."

Auta ta durƙusa, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

Ba su taɓa daidaitawa a kan ranar ba har Baba ya rasu. Amma yara, ku riƙe wannan: wanda ya yi haƙuri, ya yi wa abokin gardamarsa hidima, zai sami abin da gardamar ba za ta taɓa ba shi ba.