Kuza a Kan Kariya

"Ƙasa! Kowa ƙasa! Wanda ya ɗago kai na fasa shi!"

Muryar Uzairu ce, ogan tafiyar. Ƙarfe uku na rana, ranar Laraba, a shagon Osinachi mai sayen kuza da ke gefen Kabong. Ba su jira duhu ba, don kafin magariba mota ke zuwa ta kwashe kayan. Leburori biyu sun kifa ciki a kan siminti. Osinachi na durƙushe kusa da sikeli, hannuwa sama. Matarsa Adanna ta maƙure a bayan tebur ta cusa ɗankwali a baki.

Labaran na bakin ƙofa a kan mashin, inji a kunne, hular sanyi ta rufe masa fuska. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana acaba kafin a hana ta a cikin Jos, daga nan ya koma dakon kaya a ƙauyuka. Bai iya harbi ba, ba kuma don harbi aka ɗauko shi ba. Mashin ya sani. A gefensa Mwadkon ne a kan nasa mashin. Wannan Mwadkon shi ya ɓoye Labaran kwana huɗu a ɗakinsa a Tudun Wada lokacin rikicin addini. Shi ɗin ne kuma Labaran ya je ya samu ya ce masa, "Tuƙi kawai za ka yi. Ba abin da zai same ka, ina nan."

Shirin buhu biyu ne. Ɗaya a kan tankin kowane mashin, shi ke nan. Labaran ya faɗa har bakinsa ya gaji. Kuza ba masara ba ce. Baƙin yashi ce mai nauyin tsiya, ɗan buhun da bai wuce girman matashin kai ba kilo hamsin yake yi.

Uzairu ya tasa leburorin da bakin bindiga, suka fito da buhu biyu, aka ɗora a tanki. Labaran ya zaga roba ya ɗaure nasa, ya taka giya.

"Hau mu tafi!"

"Tsaya. Akwai uku a ƙarƙashin tebur."

"Biyu muka ce!"

"Ni na ce biyu, ni kuma na ce biyar yanzu. Kai, ɗauko su, ɗan iska!"

Aka kinkimo su. Uzairu ya sa aka jefa ɗaya a kariyar Labaran, ƙarfen nan na ɗora kaya da ke can bayan kujera. Biyun da suka rage ya sa aka jibga su a kariyar Mwadkon, ɗaya bisa ɗaya, ya zaga musu roba sau ɗaya tak.

Zuciyar Labaran ta tafasa.

"Kai mahaukaci ne? Kilo ɗari a bayan tayar baya? Kujerarsa ba kowa, a jawo su gaba su manne da bayansa! Minti biyu kawai ka ba ni!"

"Minti biyun uwarka! Ba ka ji ihu ba?"

Da gaske ne. Wata mai gasa masara a tsallake ta hango bindiga ta kwarma ihu, "Ɓarayi! Ɓarayi!" Masu Keke sun fara taruwa. Dutse ya faɗo a kan kwanon shagon, ƙwal!

Mwadkon ya waiwaya ya dubi kayan, ya yi 'yar dariya ta cikin hula.

"Bari shi, Labaran. Wannan ɗan kaya? Ni da na ɗauko dankali buhu huɗu daga Bokkos, har da mai dankalin a sama?"

"Da gudu nawa ka ɗauko shi? Tafiyar jaki ka yi! Yau gudu za mu yi!"

Tau! Uzairu ya saki harsashi a sama. Mutane suka watse. Ya ɗane bayan Labaran, jakar kuɗin shagon rataye a wuyansa, ya mayar da hannun hagu baya ya naɗe robar buhun kariya a wuyan hannunsa, wai kada ya zame.

"Ja, ko in ja da kaina in bar gawarka!"

Suka ja.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba Adanna ta rarumi waya. Osinachi na zaune dirshan a ƙasa yana dukan cinya.

"Kayan mutane ne! Abeg, ku taimake ni, sun gama da ni!"

Motar sintirin 'yan sanda na Gada Biyu a lokacin. Sufeto Ladi, mace gajera mai muryar maza, ta iso cikin minti shida. Tambaya biyu ta yi.

"Mashin nawa?"

"Biyu, madam."

"Buhu nawa?"

"Biyar."

Ta dubi direbanta. "Biyar a mashin biyu? Lungu ba zai yi musu ba, dole su hau kwalta. Hanyar Zariya. Taka!"

A cikin lunguna ba a ga komai ba. Talatin, arba'in. Mwadkon na gaba, yana kauce wa kwata da yara da awaki, har yana ɗaga wa Labaran yatsa. Suka ɓulla Farin Gada, suka ratsa tsakanin motocin kayan miya, suka hau titi. Abin da ya rage su wuce unguwar Mista Ali, su sauka gangare, su karya dama su shiga wani burtalin shanu da ke tsakanin duwatsu, inda mota ba ta bi. Can aka tsara.

Labaran bai ɗauke ido daga mashin ɗin abokinsa ba. Bayan ya durƙushe, shokozoba ta kwanta gaba ɗaya, madigadi na gogar taya. Gaban kuwa ya ɗaga hanci sama. Tayar gaba shafar kwalta kawai take yi. A sittin, ya ga madubin Mwadkon ya fara karkarwa.

Ya matsa kusa da shi.

"Kar ka wuce sittin! Ka ji ni? Sittin!"

Sai jiniya. Wiii-wiii, can baya, tana ƙaruwa.

Uzairu ya waiga. "Ga su nan! Ku ƙure shi! Ku ƙure, shegu!"

"Mashin ɗinsa ba zai ɗauka ba!"

"Ya ɗauka don ubansa! Mwadkon! Wuta!"

Mwadkon ya ji jiniya, ya ji oga. Bai ji Labaran ba. Ya murɗa totur.

Saba'in. Tamanin. Gangaren ya karɓe su. Akwai wani facin kwalta a tsakiyar hanya, tudunsa bai kai tafin hannu ba. Da mashin ɗin ba kaya, ko jin sa ba za a yi ba. Tayar gaba ta taka shi, ta tashi, ta sauko a karkace.

Kan mashin ya kaɗa hagu. Ya kaɗa dama. Hagu-dama, hagu-dama, kowane kaɗawa ya fi na baya.

"Kwanta a kan tanki!" Labaran ya tsage murya. "Saki totur a hankali! Kar ka ƙanƙame shi! Kar ka taɓa birki! Mwadkon, birki a'a!"

Wa zai ji, da iska da jiniya? Mwadkon ya miƙe zaune ya ƙanƙame kan da ƙarfinsa duka, yana kokawa da shi. Buhun sama ya zame gefe ya rataye a roba, ya fizgi bayan mashin ɗin. Ya damƙi birkin gaba.

Garam!

Mashin ya tuntsura sau uku. Mwadkon ya tashi sama ya dawo a kan kafaɗa, kwalta ta ja shi. Buhu ya fashe, baƙin yashi ya bazu a titi.

Labaran ya kauce da ƙyar, ya kai ƙafa kan birki. Ya ga Mwadkon. Yana kwance a gefen hanya, hula ta fita, fuska duk jini, amma da ransa. Ya ɗago hannu ɗaya yana miƙo shi.

Wani abu mai sanyi ya tokari haƙarƙarin Labaran.

"Ɗauke ƙafarka daga birkin nan."

"Yana da rai! Sakan goma, mu ɗora shi!"

"A ina? A kaina? Wuce!"

"Uzairu, don Allah—"

"Zan ƙirga uku. Ɗaya!"

Labaran ya wuce. Allah ya gani, ya wuce. A madubi ya ga hannun nan a sama, yana ƙanƙancewa, har kwana ta ɓoye shi.

Jiniyar ta tsaya a can, wurin da ya faɗi. Hanya ta buɗe. Kilomita biyu suka rage a kai burtali. Uzairu ya sauke numfashi, ya yi dariya a kunnen Labaran.

"Ka gani? Shi ya tsayar mana da su. Ya yi amfani. Kaso uku ya koma biyu, kai da kake ta kumbure-kumbure. Dama arnen nan surutu gare shi, da ya tona mu."

Idon Labaran ya rufe da wani abu mai zafi, haƙoransa na cizon juna. Kwana huɗu matar Mwadkon tana turo masa abinci ta ƙarƙashin ƙofa, ana farautar irinsa a waje. Yau wannan ƙazamin, da warin wiwi a bakinsa, yake lissafin kaso.

Ya kuma san abin da ke jiran sa a burtali. Mutumin da ya mayar da uku biyu ba zai sha wuyar mayar da biyu ɗaya ba. Bakin bindigar bai bar haƙarƙarinsa ba har yanzu.

Ya dubi mita. Tamanin da biyar. Ya dubi buhun da ke kan tanki tsakanin cinyoyinsa. Uzairu ƙato ne, ga kilo hamsin a bayansa can ƙarshen kariya. Abin da ya hana wannan mashin ɗin yin irin ta wancan, buhun nan na gaba ne kaɗai. Shi ya danne tayar gaba a ƙasa.

"Ƙara wuta!" in ji Uzairu.

"To, oga."

Ya ƙara. Casa'in. Ya sauke hannun hagu, ya lalubo ƙugiyar robar, ya ɓalle ta. Ya sa gwiwa ya ture.

Buhun ya faɗi, tim!

"Kai! Kayan! Me ka—"

Kan mashin ya yi sakayau a hannunsa kamar ba komai. Ya fara. Hagu, dama. Labaran ya san maganin abin sarai. Bai kwanta a tanki ba, bai saki totur ba. Baya ma ya ƙara jingina.

"Tsayar da shi! Labaran! Tsayar, na roƙe ka!"

"Ƙirga uku mana!"

Tau! Harsashin ya ƙone masa gefen ciki ya wuce. Mashin ya kwanta. Labaran ya saki komai ya dunƙule, ya bar kwalta ta yi yadda ta so da shi. Uzairu ya so ya yi tsalle, amma hannunsa na naɗe a robar buhu, buhu kuma na ɗaure a kariya. Mashin ya tafi da shi. Akwai ƙaramar gada a ƙasan gangaren, mai kafaɗar siminti. Nan tafiyarsu ta ƙare, shi da mashin da kuzar.

Da Labaran ya farfaɗo, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya fara jan ciki. Burtali na gabansa, yana iya hango bakinsa. Baya ya nufa, sama, inda ya baro mutum.

Bai yi nisan taku ashirin ba takalmi ya tsaya a gaban fuskarsa. Sufeto Ladi ce.

"Ina za ka?"

"Wancan... na sama. Ku kai shi asibiti."

Ta dube shi.

"Ya cika. Muna ɗaga shi ya cika." Ta waiwayi direbanta. "Kai, sa masa ankwa."

Ga abin da buhu biyar suka ci. Rai biyu. Ƙafa ɗaya, ta Labaran, don likitoci ba su iya ceto ta ba, daga gwiwa suka yanke. Osinachi ya samu buhu uku da jakarsa. Biyun da suka fashe, kafin 'yan sanda su waiwaya matan ƙauyen da ke kusa sun fito da tsintsiya da kwano sun share titi tas.

Kwana tara Labaran na kwance, hannu ɗaure da ƙarfen gado, ɗan sanda a bakin ƙofa. Daga unguwarsu Dilimi ba wanda ya leƙo. A rana ta goma wata mata ta shigo cikin baƙaƙen kaya. Pauline ce, matar Mwadkon. Ba ta zauna ba, ba ta gaishe shi ba.

"Sun ce kai kana bayansa lokacin da ya faɗi."

"Ina bayansa."

"Abu ɗaya na zo tambaya. Ya mutu nan take? Yara suna tambaya na. Ina so in gaya musu babansu bai sha wahala ba."

Ɗan sandan ya kawar da kai. Kalma ɗaya ce, ya ce mata eh, kuma ba mai ƙaryata shi. Uzairu na kabari. Labaran ya buɗe baki, ya dubi matar nan, ya ji ƙaryar ta maƙale.

"Bai mutu nan take ba. Ya ɗago mini hannu."

"Sai ka yi me?"

"Na wuce."

Pauline ta gyaɗa kai a hankali. Ta matso har bakin gadon, ta tofa masa yawu a fuska, ta juya ta fita. Hannunsa ɗaya a sake yake. Bai goge ba.