Kyamarar da Adnan Ya Zaɓa wa Zuhra

Ranar kasuwar Matameye Zuhra ta shiga shagon Adnan mai sayar da kyamarori, ta nuna mafi tsada. So take ta buɗe wurin ɗaukar hoto na mata zalla, don matan aure da yawa ba sa son tsayawa gaban namiji.

"Wane girman hoto za ki riƙa wankewa?" ya tambaye ta.

"Na albam, sai na katin ɗan ƙasa."

"To bar waccan, yawan megapiksel, wato ƙarfin faɗaɗa hoto, na masu allon talla ne. Ɗauki wannan ƙaramar. Ta fi kama haske cikin ɗaki, fuska ba ta dushewa."

Ta dube shi da mamaki. Ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa ya hana mai saye kashe kuɗi ba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya hau goge gilashin da ba ya da datti.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Hasken idona, yau fuska nawa kika ɗauka?"

"Goma sha ɗaya. Taka ce kawai ta ƙi zuwa."

Mahaifinta Alhaji Rabi'u bai so ba. Ya fi son Yasin, ɗan abokinsa na Damagaram, wanda har ya aiko mata da ƙatuwar kyamara. Adnan ya ga kwalin a wurin aikinta, sai bayan kwana uku ya rubuto:

"In kin zaɓa, faɗa mini. Ba zan riƙe ki ba."

"Baba ne ya karɓa, ko buɗewa ban yi ba. Ka riƙa tambayata kafin ka yanke hukunci, masoyi."

Alhaji yana da hoto ɗaya tak na marigayi mahaifinsa, ɗan ƙarami, duk ya koɗe. Ya ba Yasin ya kai a ƙara masa girma. Aka dawo da shi ƙato kamar ƙofa, amma fuskar ta narke, ba ka gane kowa. Zuhra ta lallaɓa shi ya gwada Adnan.

Adnan ya daɗe yana duban hoton. "Alhaji, ba zan ruɗe ka ba. Wannan ba zai wuce tafin hannu ba. A haka dai zan fito maka da shi sarai."

Da Alhaji ya karɓi sabon, sai ya zauna bisa benci. Ga zanen kumatun tsohon, ga ɗan murmushin nan da ya manta. Ya share ido da bakin rawani.

"Yaro, wa ke gaba a gidanku?"

"Kawu Haruna, a Kance."

"Ce masa ya zo."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta.

"Na so in zaɓa miki, ashe kin fi ni ido. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Zuhra ta amsa da amin, tana kuka tana dariya.