Fuskar Fifame a Cikin Gem

"Fifame! Sun yanke mu!"

Romarik mai sharhin wasa ne ya ƙwalla ihun, ya manta makirufo na bakinsa, zauren gaba ɗaya ya ji.

Fifame ta watsar da robar ruwan da ke hannunta ta ruga teburin kwamfuta. Allon da ɗazu yake nuna dubban masu kallo kai tsaye ya koma baƙi ƙirin, sai ɗan rubutu a tsakiya: an rufe wannan shiri bisa ƙorafin masu haƙƙin mallaka.



Gasarta ce. Da aron talabijin biyu ta fara ta a nan unguwar Fijirose ta Kwatano, ga shi yau 'yan gem sun cika zauren maƙil, daga Lome, daga Legas, daga Porto-Novo. Wasa ɗaya ya rage, na ƙarshe, tsakanin wani ɗan Legas da Mahutin.

Mahutin ɗinta.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon lauyoyin kamfanin da ya ƙera gem ɗin Zoben Wuta ne: a tsayar da gasar yanzu, ba ta da lasisi, kuma da gem ɗin da aka yi wa ƙari ba izini ake yin ta. Duk wanda ya sake zama ya buga, an soke sunansa daga babbar gasar kamfani.

Babbar gasar da Mahutin ya daɗe yana mafarki, wadda bana aka sa sunansa.

Ta ɗaga kai tana nemansa. Kujerarsa wayam.

Can bakin ƙofa ta hango shi, kuma ba shi kaɗai ba. Ornela, wakiliyar kamfanin a Afirka ta Yamma, tana tsaye gefensa da dogon takalminta, tana murmushi kamar an gayyace ta biki.

A kafaɗarta kuwa... jar jakarsa!

Ɗan gem a Kwatano zai ara maka waya, zai ara maka babur, amma jakar hannun gem ɗinsa mutum ɗaya ke ɗauka. Duk wadda aka gani da jakar, ba sai an tambayi matsayinta ba. Tun ranar da Mahutin ya ce yana sonta, kafaɗar Fifame ce gidan jakar nan.

Ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ba.

"Sheri, tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kirana sheri!" ta daka masa tsawa. "Me jakarka take yi a jikinta?"

"Dada Fifame, 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari," Ornela ta ce cikin sanyin murya. "Taro ya yi kyau. Kaico."

"Ba da ke nake ba, ban kuma haɗa uwa da ke ba. Mahutin, kai nake tambaya!"

"Dokar babbar gasa ce, sai sun duba hannun gem ɗin kowa kafin su yi masa rajista. Ta karɓa ne..."

"Ta karɓa ne, kai kuma ka miƙa! Yau jaka, gobe me?"

Daga bayan tukunyar amiwo, jan tuwon masara, da soyayyar kaza, inda ta kafa teburinta a bakin zauren, Maman Fifame ta ja dogon tsaki.

"Ai na faɗa miki. Namijin da sana'arsa danna-danna, zuciyarsa ma duk wadda ta danna ita ke juya ta. Ga ɗan Tanti Sika ma'aikacin tashar jirgin ruwa, kin ce ke sai mai yatsu."

"Maman, don Allah!"

"Na yi shiru. Mai son kaza ya matso."

Wasu suka tuntsire da dariya, Fifame kuwa idonta ya kawo ruwa. Ta nuna Mahutin da yatsa.

"Nawa suka saye ka? Kai ka nuna musu gem ɗinmu, ko ba haka ba? Ka sayar da mu don ta kai ka ƙasar waje!"

Fuskarsa ta sauya.

"Ni, Fifame?"

"To waye? Kullum kana ofishinta! Ran Laraba mai zem, ɗan acaɓan unguwarmu, ya ganku a gidan cin abinci, kuna ta dariya!"

Ornela ta zaro wayarta a hankali, kamar dama wannan gaɓar take jira.

"Bar shi ya huta, ba shi ba ne. Kin gane wannan?"

Ta juyo allon.

Fifame ta ƙura wa allon ido.

Ɗan gajeren bidiyo ne. Mahutin yana lallasa abokin karawarsa da wata jaruma mai ɗaurin kai da adda irin ta matan yaƙin Danhome. Babu wannan jaruma a gem ɗin kamfani. Mahutin ne ya zana ta da hannunsa, abokansa suka cusa ta ciki, ya ba ta idon Fifame, hancin Fifame, har wushiryarta. Duk Kwatano da ita aka san shi.

Ranar Larabar nan, da kishi ya hana ta sukuni, Fifame ta ɗora bidiyon ta maƙala sunan Ornela, ta rubuta a ƙasa: ki ga wadda yake cin wasa da ita.

"Shafin aiki kika maƙala, ƙanwata," in ji Ornela. "Ba ni kaɗai ke ganinsa ba. Kin ɗauki gem ɗin da kuka yi wa tiyata kin kai har ƙofar masu shi."

"Da kin so, da kin goge kafin su gani," Mahutin ya faɗa ba tare da ya dube ta ba.

Ta ɗaga kafaɗa. "Aikina kare kayan kamfani ne. Goge shirmen 'yan mata ba ya ciki."

Ɗan Legas ɗin ya saki wani dogon fito.

Mahutin ya juyo ga Fifame, idanunsa sun yi ja.

"Kin san me nake yi a ofishinta? Lasisi nake roƙar miki. Na ce ba zan sa hannu ba sai sun amince da gasarki. Sun kusa yarda, Fifame. Na so ranar da za ki miƙa kofi in faɗa miki a gaban kowa."

"Mahu..."

"Sai ga shi ni ne ɗan cin amana."



Ornela ta gyara zaman jakar a kafaɗarta. "Zakara, mota na waje. Ka fita yanzu, babu abin da ya shafe ka. Ka zauna a kujerar can kuwa, ni da kaina zan soke sunanka."

Ta ɗora yatsu a damtsensa.

Fifame ta kafe yatsun da ido. Ji take kamar ta fizge jakar ta haɗa da gashin dokin da ke kan Ornela. Amma wannan zafin ne ya kai su inda suke, ta sani. In ta riƙe shi, ta kashe masa mafarki. In ta sake shi, mota ɗaya za su shiga, jirgi ɗaya, masauki ɗaya...

Ta juya ta karɓe makirufo daga hannun Romarik.

"Jama'a..." Ta haɗiye kuka. "An rufe gasa. Babu wasan ƙarshe. Laifina ne, ba na kowa ba. Duk wanda ya biya kuɗin shiga ya same ni."

Zauren ya kaure da hayaniya. Ba ta tsaya ba.

"Mahutin bai buga komai ba bayan saƙon nan, ku shaida." Ta dube shi da ƙyar. "Je ka. Allah ya ba da sa'a."

Ta ajiye makirufon ta bi ta ƙofar baya.

Iskar teku ta daki fuskarta. Ta zauna kan wani kifaffen kwalekwale ta saki kukan da take dannewa. Tana jin tashin mota daga gaban zauren ta toshe kunnuwanta.

Shi ke nan.

Da hannunta ta naɗe shi ta miƙa wa Ornela.

Wani abu ya faɗo kan cinyarta, tim.

Jar jaka.

"Igiyar hannun gem ɗin ta cukurkuɗe," Mahutin ya ce daga bayanta. "Ornela ba ta iya naɗi ba."

Ta miƙe zumbur. "Me kake yi a nan? Motar fa?"

"Ta wani ce ta tashi."

"Ba ka da hankali? Ka koma! Na riga na ɓata nawa, kar ka ɓata naka!"

"Har yanzu haushinki nake ji, kar ki ɗauka na huce." Ya matso. "Kin kira ni maci amana a gaban 'yan Legas. Har Lome labarin zai kai."

"Ka yafe mini... Na ganta ne, ga kyau, ga mota, ga turanci. Ni kuma me gare ni? Aron talabijin."

"Wa na zauna na zana, ita ko ke?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wushiryar nan kaɗai sai da na goge ta ya fi a ƙirga. Ke kuma kika ɗauka kika yi gori da ita."

Dariya ta kufce mata cikin kuka. Ya share mata fuska da gefen rigarsa, ya ja hannunta suka koma ciki.

Ba kowa ya tafi ba. Ornela ma tana nan, ta harɗe hannu a ƙirji.

Mahutin ya ɗauki makirufo.

"'Yan'uwa, gasa ta mutu, mun ji. Amma ɗan Legas bai taso tun daga can don ya koma bai sha kashi ba."

"Ka ji ɗan rainin hankali!" ɗan Legas ya amsa, aka yi shewa.

"A kwashe talabijin. Faifan kamfani na asali za mu sa, babu kyamara, babu kuɗin shiga, babu kofi. A tsakar gida za mu buga."

"Taro taro ne," Ornela ta katse shi. "Yarjejeniya ta hana ka wasa a kowane taron jama'a marar lasisi."

"Ba taron jama'a ba ne. Gidan surukata ne."

Ludayin Maman Fifame ya tsaya cak a cikin tukunya.

"Surukar wa?"

Mahutin ya ajiye makirufon ya taka har gaban teburinta, ya zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Maman, kawunnaina za su zo da kwalaben gaisuwa ranar da kika sa. Ina gyaran waya a kasuwar Dantokpa, kin sani, ba danna-danna kaɗai na iya ba. Ki ba ni Fifame."

"Ka ga ɗan nema! A gaban kaji za ka nemi 'yata?"

"Inda na same ki kenan, Maman."

Ta dube shi, ta dubi Ornela tun daga takalmi har gashi, sannan ta dubi 'yarta da ke rungume da jar jaka kamar jariri.

"Wancan abin da za su kore ka daga ciki, da kuɗi a ciki?"

"Sosai."

"Kuma ka bari?"

"In sun kore ni, na bari."

"Wawa," ta ce, ta ɗauko cinyar kaza mafi girma ta dangwara masa a faranti. "Tashi. Duk wanda ya taka mini tumatir a tsakar gida sai ya biya."

Zauren ya ɗauki ihu da tafi.

Ornela ta matso, murmushin nan ya ɓace. "Ka yi tunani, Mahutin. Ba a ba da wannan dama sau biyu."

"Na yi."

"To sunanka ya fita."

Ta danna wayarta a gabansu, ta juya, ƙarar takalminta na bin ta har waje. Fifame ta dubi Mahutin. Ya ji zafin abin, ko bai faɗa ba. Ta damƙe hannunsa.

"Zan nemo lasisin nan, Mahu, ko zan yi shekara ina zarya. Kuma na daina kishi. Na rantse."

"A rubuta a ajiye," in ji Romarik.

Kafin la'asar ta yi sanyi an jera talabijin ƙarƙashin bishiyar mangwaron Maman. Mahutin ya lallasa ɗan Legas da wani tsohon jarumi mai gemu, yana buga wasa yana ƙorafin bai kai Fifame kyau ba. Ita kuwa tana zaune gefensa, kanta a kafaɗarsa.

Sai ga zem ya tsaya a ƙofar gida.

Wata doguwar budurwa ta sauko, ta cire hular kwano, kitsonta ya zubo har gadon baya. Ta leƙo tana murmushi.

"Gafara dai. Nan ne Mahutin yake? Daga Lome nake, mota ce ta ɓata mana a iyaka. Ku ce masa Kunama ce."

Fifame ta ɗago a hankali.

Kunama. Abokin atisayensa na intanet, wanda kullum sai sun kwashe awanni suna bugawa suna ƙyaƙyata dariya.

"Mahu," ta ce da wata irin murya mai laushi. "Ba ka ce mini Kunama ƙato ne mai gemu ba?"

"Na rantse ban taɓa ganin... ce miki na yi ina zato..."

Maman ta ja kujera ta gyara zama.

"Romarik, ɗauko makirufonka. Yanzu za a fara wasan ƙarshe."