Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

"Wata uku kuma?!" na faɗa da ƙarfi, har kajin tsakar gida suka watse.

"Ki yi haƙuri, rabin raina. Daji za a tura mu rigakafin shanu, can ko waya ba ta shiga. Da mun dawo..."

"Haka ka ce da ƙaramar Sallah!"

"Raihana..."

Na kashe wayar. Sati shida kacal muka yi da aure mijina ya tafi Dakar karatun likitan dabbobi. Wata tara ke nan ina Dangora, daga ni sai mahaifiyarsa, Inna Safara'u. Na kifa kai a kan turmi na fashe da kuka.

Inna tana bakin rijiya tana wanke ƙwarya. Mijina ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ko a waya ba ta yarda su gaisa, sai ta matso kusa tana tsintar wake tana kasa kunne. Ni ma ba na faɗar sunan, balle a gabanta.

"Ke, fasfon nan nawa na Makka, yana kai mutum inda yaron nan yake?"

"Na'am, Inna?"

"Tambayarki na yi."

"Yana... yana kaiwa. Ba sa neman biza."

"Naki da ya yi miki yana nan?"

"Yana cikin akwati."

"To tashi ki wanke fuska. Kada kuma ki gaya masa, cewa zai yi in zauna saboda gwiwa."

Na ɗauka wasa ne, sai da na ga an kaɗa bijiminta kasuwa. Yayana Mujitaba ya yanko mana tikiti yana ta salati. Kwana huɗu tsakani muka sauka a Dakar da hantsi, da daddawa da kuka da man shanu a jaka!

Tun a filin jirgi wayata ta mutu. Na ciro caja, soket ɗinsu ya ƙi karɓa, ramukansa biyu ne zagayayyu. Allah ya taimake ni na kwafi adireshin gidan da yake haya a takarda. Ita na miƙa wa mai tasi.

"Sannu da aiki, ɗan nan," in ji Inna.

"Wi, wi!" ya ce.

"Ciwo yake ji?" ta raɗa mini.

Garin ƙamshin teku da ƙarnin kifi. Inna ba ta kalli dogayen gine-gine ba, wani rago da aka ɗaure a ƙofar shago ta bi da ido har muka wuce.

"Raihana, wancan rago ne ko maraƙi?"

Mai gidan hayar wata ƙatuwar mata ce mai tulin ɗankwali, sunanta Kumba. Ta zubo mana yarensu, muka yi tsuru. Ta koma Faransanci, muka ƙara yin tsuru. Inna ta gaji, ta yi ƙorafi ƙasa-ƙasa da Fillanci. Sai matar ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu, ta rungume ta! Ashe Bafulatana ce. Fillancin nasu ya sha bamban, amma da hannu da ka suka fahimci juna, Inna tana juya mini.

A garin nan, da suna ake gaisuwa. Sai a riƙe hannunka a kama sunanka a yi ta maimaitawa. "Safara'u! Safara'u!" Kumba take ta yi, Inna tana sunkuyar da kai. Can Kumba ta yi wata tambaya. Inna ta kau da kai.

"Me ta ce, Inna?"

"Wai 'yan Najeriya uku ne a gidan. Wai... wanne ne namu."

"To ki gaya mata."

"Ke ki gaya mata."

"Ni?! A gabanki?"

Inna ta ɗaga hannu sama, dogo ne. Ta nuna haƙori, yana da wushirya. Kumba ta kalle ta, ta kalle ni, ta tafa hannu tana dariya har da hawaye: uwa da mata sun ƙetaro ƙasashe, sun manta sunan mutuminsu!

Na lalubo biro zan rubuta a tafin hannuna, sai dariyarta ta tsaya cak. Ta nuna bakin titi tana magana da sauri. Fuskar Inna ta canja.

"Yau ne tafiyar dajin. Yanzu suka fita da kaya!"

Ban san lokacin da na yar da jaka ba. Gudu nake, mayafina yana jan ƙasa, Inna tana bayana da gwiwar tata. A bakin titi wata farar bas ta fara motsawa. A tagar baya na hango ƙeyarsa, da hular da na saya masa.

"Malam!" na ƙwala. "Yallaɓai! Kai... ka tsaya!"

Babu wanda ya waiwayo. Ga hon, ga masu talla. Wata uku! Na buɗe baki, sunan ya zo har leɓena, idon Inna a kaina, ya maƙale.

"UZAIRU!"

Muryar da Inna take kiran shanu daga ƙetaren rafi ce. Titin gaba ɗaya ya juyo. Ƙeyar nan ta ƙame, sannan ya waiwayo a hankali. Sai ga shi yana dukan jikin motar. "Tsaya! Tsaya!" da Hausa, ya manta Faransancin.

Ya diro takalmi ɗaya a ƙafa. Ya zube a gaban Inna a kan kwalta, yana kallonta yana kallona, hawaye na bin gemunsa.

"Inna... Raihana... mafarki nake?"

"Tashi, mutane na kallo," ta ce, tana gyara lulluɓi, idonta a wani wajen.

Malaminsu ya sauko, ya ji labari, ya yi dariya ya ba shi sati guda, ya biyo su daga baya.

Da azahar Kumba ta dire faranti guda, fankameme, jar shinkafa da kifi da rogo da kabeji. Kowa ya zagaye, maza da mata. Na ja baya. Ni da surukata da mijina, hannu a kwano ɗaya? Kumba ta fizgo ni ta zaunar a gefensa, tana gutsuro kifi tana turawa gaban kowa. Inna ta daɗe tana kallon farantin.

"Garinsu ne," ta ce. "Bismillah."

Ta ƙarƙashin mayafina ya lalubo ɗan yatsana ya matse.

"Kin kashe mini waya," ya raɗa.

"Shi ya sa na zo in ƙarasa faɗan."

Ya ƙunshe dariya, sannan ya dubi mahaifiyarsa.

"Inna, shekara ashirin da tara ban taɓa ji a bakinki ba. Don Allah ki sake faɗa, sau ɗaya."

Inna ta cire ƙaya daga kifinta a natse.

"Faɗar me? Ni ban ce komai ba. Matarka ce, 'yan zamani ba kunya."

Ya juyo gare ni. Na dubi Inna, na ga idonta ya cika taf.

"Ni ce," na ce. "A yafe mini, Inna."

"Na yafe," ta ce. Ta ɗauki tsokar kifin da ta gyara, ta tura gabansa.