Sha Biyu da Minti Biyar a Ƙofar Maƙabarta

"Ninon, wa ya fita da tsohuwar motar gawa ranar Litinin?"

Cokalin da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin faranti.

Baba bai ɗaga murya ba. Shekara talatin da takwas yana shirya jana'izar mutanen garinmu, ya saba magana ƙasa-ƙasa ko gishiri yake so a miƙo masa. Ya turo mini waya a kan tebur. Hoto ne: baƙar motarmu a bakin gonar dankali, mutum huɗu cikin baƙar kwat sun jingina da ita suna cin burodi, Gaspard ɗina kuma a gefe da kyamara, yana dariya har da riƙe ciki.

"Ni ce, Baba..."

"Ke ce."

"Tun bara ba a amfani da ita. Ɗan fim ne kawai suke..."

"A cikinta aka ɗauki mahaifiyarki."



Mai wayar, Firmin, babban ma'aikacin Baba da ke tafiya a gaban akwati da farar safar hannu, ya ci gaba da yankan kazarsa kamar ba shi ya kunna wutar ba. Shekara shida yana cin abincin ranar Lahadi a teburinmu. Wai yana so na. Ni dai na lura in ya kalle ni sau ɗaya, sai ya kalli allon shagonmu sau biyu.

"Shekarunki ashirin da shida," in ji Baba, "ba zan ɗaure ki ba. Amma ranar da za ki tsaya a gaban magajin gari a ɗaura miki aure da mai yi wa gawa dariyar nan, kada ki ajiye mini kujera."

"Baba!"

"Ci abincinki, yana hucewa."

Ta yaya za ki gaya wa mutum irin Baba cewa dariya ce ta cece ki?

A gidanmu mutuwa sana'a ce. Shago a ƙasa, mu a sama. Tun ina ƙarama na san ba a gudu a matakala, ba a ƙure rediyo, ba a ƙyalƙyala dariya a titi, don ba ki san wace mai takaba ke kallonki ta taga ba. Mama ce kaɗai ke taka dokar nan ta kwana lafiya. Da ta rasu, sai gidan ya koma shago sama da ƙasa.

Shekara biyu ban yi kuka ba, ban yi dariya ba. Wata Lahadi da yamma ruwan sama ya kora ni cikin ƙaramin gidan sinimar da ke bayan kasuwa. Ban ma duba sunan fim ɗin ba. Wani akawu ne ya mutu a watan Agusta, lokacin da duk ofisoshi sun tafi hutu, babu mai buga masa hatimi a takardar mutuwa. Sai bawan Allah ya ci gaba da zuwa aiki. Matarsa tana masa faɗa ya daina zubar mata da ƙasa a kan kafet. Babu wanda ya yi mamaki a fim ɗin, abin da ya gama da ni ke nan. Maƙwabta su tare shi, "Ya jiki?" shi kuma ya ce, "Da sauƙi."

Na yi dariya har numfashina ya sarƙe, ban san sanda ta juye kuka ba. Aka kunna fitilu, kowa ya watse, ina nan zaune. Mai kunna majigi ya sauko ya miƙo mini tsumman goge gilashi.

"Yi haƙuri, shi kaɗai gare ni. Wa kika rasa?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Duk mai dariya a wurin hatimin nan, ya taɓa bin layi da takardar mamaci a hannu."

Gaspard ke nan. Dogo, rigar sanyinsa a huje a gwiwar hannu, kullum da ɗan littafi a aljihu. Shi ya sa wa abin da nake ji suna. Masu ta'aziyya suna gaya miki komai da dalilinsa. Finafinan nan kuwa ba sa miki wannan ƙaryar, suna nuna miki duniya a karkace yadda mai rashi ke ganinta: mutum ya tafi, amma wasiƙar likitan haƙori tana zuwa tana tuna masa kada ya makara. Na so finafinan, na so shi, kuma har yau ban san wanne ya riga shiga raina ba. A cikin shekara uku na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Washegarin rigimar na hau ɗakin majigi na same shi.

"Rabin raina, me ya sami idonki?"

"Baba ya ga motar. Ya ce ba zai zo ɗaurin aurenmu ba."

Ya riƙe hannuwana duka biyu.

"Zan je in ba shi haƙuri, ko a kan gwiwa."

"Ba zai buɗe maka ƙofa ba sai in a kwance aka kawo ka. Gaspard... nuna mini fim ɗin naka kafin a haska shi ranar Lahadi."

"Ba a kallon irinsa mutum ɗaya, zuciyata. Sai a cikin jama'a."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Na gani sarai, amma so hana ganin laifi.

Ranar Juma'a ina jera furanni a shago Firmin ya tsaya a kaina yana murza safar hannunsa.

"Ɗan'uwana yana cikin masu ɗaukar akwati a fim ɗin saurayinki. Ya ce labarin ya yi masa kama da wani da ya sani."

"To sai me?"

"Ba komai. Ki dai dinga tauna magana kafin ki ba mai littafi a aljihu. Na saya wa Maigida tikiti, layi na uku."

"Kifi na ganinka, mai jar koma!"

Ya yi murmushin da yake yi wa masu makoki ya wuce.

Ranar Lahadi ƙarfe uku ɗakin ya cika. Mai burodi, malaman makaranta, tsofaffin da ba sa fashin ko wane fim don akwai ɗumi a ciki. Baba ya shigo cikin kwat ɗinsa ta aiki ya zauna a damana, Firmin a damarsa. Aka kashe fitilu.

Ga motarmu ta tsaya a ƙofar maƙabarta. Ƙofa a rufe. Agogon coci ya nuna sha biyu da minti biyar.

Nan take na gane ranar.

A garinmu, daga sha biyu zuwa biyu, ko gobara sai ta jira a gama cin abinci. Ranar jana'izar Mama mun iso a makare da minti biyar, masu haƙa kabari sun kulle sun tafi. Awa biyu muka yi a tsaye a rana da akwatinta, mu 'yan gidan da ke binne kowa a kan lokaci. Ba a taɓa tayar da zancen a gidanmu ba. Mutum ɗaya na gaya wa a duniya.

A fim ɗin, mai gadi yana zaune a cikin ƙofa da adiko a wuya yana cin nama a nitse. Masu makoki suka fara hamma. Wani ya fito da burodi, wata ta fito da cuku, aka shimfiɗa mayafi a kan murfin akwati. Sai aka ƙwanƙwasa daga ciki. Matar da ta mutu ta ɗaga murfi ta zauna tana mita: ita fa ba ta da lokacin ɓatawa, wane irin sakaci ne wannan, a kira mata shugaba! Babu wanda ya razana. Surukarta ma cewa ta yi ta sauke gwiwarta daga kan man shanu.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni kuwa hawaye ke zuba, na kasa ko waiwayar Baba. Ina jin kafaɗarsa a sandare kusa da tawa.

Aka kunna fitilu. Kamar yadda aka saba a gidan, mai fim ya fito gaba don a yi muhawara, domin mu ba ma barin fim ya tafi gida ba mu yi masa gardama ba. Gaspard ya tsaya, fuskarsa ba jini. Wani malami ya ɗaga hannu zai fara dogon turancinsa.

Baba ya miƙe.

 Rabin mutanen nan sun tsaya tare da mu a ranar, sai yanzu suka gane abin da suka yi wa dariya.

"Saurayi, ka yi ƙarya."

"Ranka ya daɗe, ni..."

"Ban gama ba. Matata Armelle ba za ta yi mita ba. Ba ka san ta ba."

Firmin ya gyara zama.

"Shekara talatin ina zaune a mota ina danna mata oda. Coci, biki, asibiti ranar haihuwar yarinyar nan, ba inda matata ta taɓa zuwa a kan lokaci. Da ta ɗaga murfin nan, cewa za ta yi: 'Yauwa, Honoré! Yau dai ka jira ni ba ka danna oda ba.'"

Wata tsohuwa a baya ta toshe baki.

"Kuma ba laifin masu haƙa ba ne. Ni ne." Ya sunkuyar da kai. "Na rufe akwati ya fi dubu uku da hannuna. Nata na kasa. Na kori kowa, na yi minti ashirin ina tsaye da murfi a hannu... Da muka iso na ga ƙofa a kulle, sai na ji dariya ta taso mini tun daga ciki. Ta makara! Har nan ma ta makara! Na ciji harshena har na ji jini. Mai shirya jana'iza ba ya dariya. Shekara biyar ina riƙe da ita."

Sai ta ƙwace masa.

Ban taɓa jin irin sautin nan daga bakin Baba ba. Ya dafa kujerar gaba yana dariya, hawaye na bin gemunsa, kafaɗunsa na girgiza. Na rungume shi ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Mai burodi ya kama, tsofaffi suka kama.

Firmin ya ja hannun rigarsa.

"Maigida, mutane na kallo..."

"Su kalla, Firmin. Duk zan gan su a kwance."

A waje ana yayyafi. Gaspard ya biyo mu da gudu ba ko hula.

"Ninon... abar ƙaunata, tsaya."

"Kada ka kira ni haka! Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Gaspard. Amana na ba ka, ka haska ta a bango gari ya kalla."

"Na sani."

"Da Baba ya fita bai ce komai ba fa? Da na rasa shi, na rasa ka, rana ɗaya!"

"Na yi zaton in kin gan shi a fim zai daina yi miki ciwo, kamar yadda na akawun nan ya yi miki. Na ji tsoron in na tambaye ki za ki ce a'a."

"Da na ce a'a ɗin!"

"Na sani... Shi ya sa laifin ya fi girma."

Na so ya kare kansa in sami abin kamawa. Bai yi ba. Ya tsaya ruwa na sauka a kansa, ni kuma haushi da so suna kokawa a ƙirjina.

Baba ya buɗe lema a nitse, ya dube shi sama da ƙasa kamar mai auna tsawo.

"Saurayi. Ka tambaye ni kafin ka ɗauki motata?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka tambaye ta kafin ka ɗauki labarinta?"

"A'a."

"To saura abu ɗaya da kake shirin ɗauka daga gidana. Wannan karon ka tambaya."

Gaspard ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi, a gaban mai burodi da kowa.

"Ninon, za ki aure ni? In kin ce a'a, a'a ce."

Na bar shi a nan har ruwa ya ratsa gwiwar wandonsa.

"Ban yafe ba tukuna."

"Zan jira."

"Kuma littafin nan, in muna hira, a tebur zai kwana."

"Na ji."

"To... na yarda."

Aka ɗaura aurenmu a watan Yuni. Yafiyar kuwa sai da ta kai kaka kafin ta gama sauka, kuma bai taɓa gaggauta ni ba. A matakalar ofishin magajin gari Baba ya riƙe hannuna gam, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Shekara talatin da takwas ina raka mutane ƙofar da ba a dawowa, 'yata. Ke ce ta farko da zan raka in ce mata sai Lahadi."