Kyauro a Gonar Malam Labbo

Mas'uda ta fara ganinsa ne a bakin gulbi, ranar da ta kai wa mahaifinta abinci gona. Wani dogon saurayi ne, ya naɗe wando har gwiwa, yana tsaye cikin taɓo yana yankar ganyen kyauro, yana sawa a 'yan ledoji cikin lallami.

Ta yi sallama, ta kasa wucewa. "Malam, lafiya? Ciyawa ce hwa."

Ya ɗago yana murmushi. "Na sani. Amma 'yar'uwar raken da ke bayanki ce."

Ta waiga ta dubi raken Baba, ja, mai kauri, ta sake duban siririyar ciyawar mai farin fure. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba.

Sunansa Uwaisu, ɗan Tsafe, yana karatun digiri na uku a kan asalin rake. Ɗaki ɗaya ya kama haya a Gusau, shi kaɗai. Abokansa sun gaji da jin zancen ciyawa, shi ma ya daina yi musu.

Ita kuwa ita ce auta a gidan Malam Labbo na Karakkai, kusa da Bungudu. Tun da Inna ta rasu, yayyenta kuma duk suna gidajen mazajensu, gidan ya koma daga ita sai Baba. Da safe ta je koyarwa a firamare, ta dawo ta tarar da tsakar gida shiru, sai kukan kaji.

Uwaisu ya je ya gaida Malam Labbo, ya durƙusa ya yi masa bayani. Ya ce rake ba haka Allah Ya fara nuna wa mutane shi ba. Ciyawa ce a can tsibiran gabas mai nisa, manoma suka yi ta zaɓar mai zaƙi suna dasawa har ta yi kauri. Daga baya masana suka haɗa shi barbara da kyauro, ya gaji juriyar cuta da fari. Shi yana son sanin abin da kyauron gulbin nan yake ɗauke da shi a ƙwayoyin gadonsa, ko wata rana ya amfani raken Zamfara.

"Mi kaka so gare ni?" in ji tsohon.

"Baba, gefen gona kawai. Zan dasa kyauron cikin rabin durom, don saiwarsa tana bin ƙasa, ba ta da kyau. So nake shi da raken su yi fure kusa da juna."

Malam Labbo ya yarda.

Daga nan zuwan Uwaisu ya yawaita fiye da buƙatar ciyawar. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa tambayarsa, "To, sai kuma me ya faru?" idan yana bayani. Shi ne kuma na farko da ya lura ba ta cin abinci idan babu wanda zai zauna da ita.

Saƙonni suka fara kai-komo.

"Mai ciyawa, yau ɗalibaina sun ce ƙarya nake, wai rake ba shi da dangi."

"Ki ce su zo su gani, Autata. Kin ci abinci?"

"Zan ci."

"Ɗauko kwanon. Ga nawa a gabana, mu ci tare."

Da damina ta kankama aka kira shi wata cibiyar bincike a Indiya, inda akwai na'urorin da zai karanta ƙwayoyin gadon ganyen da ya tara. Watanni zai yi. Ya yi mata sallama a ƙofar gida, ya ce da ya dawo zai turo magabatansa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya." Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace ta shiga ciki.

Bai daɗe da tafiya ba gulbi ya cika ya yi ambaliya. Ruwa ya tumɓuke durom-durom ɗin ya watsa su cikin gonar. Da ruwa ya janye, saiwar kyauro ta riga ta kama. Kafin a farga ya yaɗu tsakanin kunyoyi, ya shaƙe sabon dashe, a sare shi yau, ya tsiro jibi.

Malam Labbo ya tsaya a gonar da ya gada daga mahaifinsa yana kallon ɓarnar. Da suka koma gida ya kira Mas'uda.

"Ɗiyata, ba ni yi miki dole kan kowa. Amma wancan yaro kada ya sake tako min gida. Ya zo ya zuba min masifa ya tahi abinsa."

A kwanakin ne Bashar, direban da ke kwasar raken Baba zuwa Gusau, ya turo a tambaya masa izinin neman ta. Mutum ne mai kirki, ya ma kawo 'yan ƙwadago suka taya sara. Mas'uda ta gode masa, ta ce masa a zuciyarta akwai wani. Baba ya ji, ya daina yi mata hira bayan cin abinci. Gidan ya ƙara faɗi.

Ba ta gaya wa Uwaisu komai ba. Ta san idan ya ji zai bar aikin ya taho. Kullum ta tashi daga makaranta sai ta ɗauki fartanya ta bi Baba, tafin hannunta ya yi kanta. Ta dawo a gajiye, amsarta ta koma "Lafiya lau" kawai.

Shi kuma can ba ya jin yaren kowa, abincin ma ya ƙi shi. Yakan zauna a ɗakin gwaji ya yi ta duba waya. Sai ƙanwarsa Husaina ta faɗa masa ta ji a mota cewa an kai goro Karakkai daga gidan su Bashar.

Ya rubuta: "Na ji labari. Da kin faɗa min da kanki. Allah Ya sa alheri."

Ta karanta a bakin gona, ta zauna a kan kunya ta yi kuka mai isarta. Ba ta amsa ba. Shi ma bai ƙara ba. Haka suka yi makonni, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Ranar wata Juma'a ta gaji. Ta ɗauki hoton gonar, ta ɗauki na tafin hannunta, ta tura masa.

"Ga goron da aka kawo min, Mai ciyawa. Na ɓoye maka ne don ka gama aikinka."

Nan take ya kira. Ta ɗauka. Ya ce, "Ki yafe min, Autata. Ajiye fartanyar nan."

Ya haɗa abin da ya samu na aikin, ya roƙi a bar shi ya ƙarasa rubutun a gida. Daga tashar Gusau bai biya Tsafe ba, ya sayi diga ya wuce Bungudu.

Malam Labbo ya tarar da shi da safe a gefen gona. Uwaisu ya durƙusa ya ce, "Baba, ba gida na tako ba, gona na zo. Ni na kawo shi, ni zan fitar da shi."

Tsohon ya amsa gaisuwa ya wuce.

Saiwar kyauro sai an bi ta har ƙarshe, guntu ɗaya ya rage sai ya dawo. Uwaisu ya yi ta tono yana tarawa yana ƙonawa, ya rame, ya yi baƙi. Ya kama ɗaki a Bungudu don ya riƙa sammako. Mas'uda takan kawo abinci kwano biyu, ta ajiye ɗaya kusa da Baba, ɗaya can nesa, ta juya gida.

Ana gab da sabon dashe, wata rana Malam Labbo ya ɗauki kwanonsa ya taka har inda Uwaisu yake, ya zauna.

"To, mi ka gano can?"

"Baba, da alama na nan ya ɗan bambanta da nasu. Amma ko zai amfane mu, sai an yi shekaru ana gwaji. Yana yiwuwa ma a ƙarshe ba a samu komai ba."

Malam Labbo ya dube shi da kyau. "Na ɗauka za ka cika ni da alkawari." Ya kai loma, ya tauna a hankali. "Ka ce wa mutanenka su zo."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Bashar da kansa ya ba da motarsa aka kwashi kayan ɗaki. Uwaisu ya saki ɗakinsa na Gusau, ya nemi gida a Bungudu, domin Mas'uda ta ce ba za ta yi nisa da Baba ba.

Da aka zo tafiya da amarya, ta riƙe hannun mahaifinta ta ƙi saki, tana kuka tana cewa wa zai zauna da shi. Malam Labbo ya ɗora hannunsa a kanta.

"Tahi, Auta. Na yarda da ke, na yarda da shi. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi, aka ja ta a hankali zuwa mota.